FILIN MATA: Hancin Da Ya Ƙi Buɗewa

  

Yau maganarmu a kan hanci ce. Na san wata za ta ce, "Haba, duk cututtukan duniyan nan a rasa abin da za a ɗauko sai hanci?" To, mai faɗin haka ba ta taɓa kwana a zaune ba, baki buɗe, maƙogwaro a bushe, tana jiran gari ya waye. Mura wadda muka sani baƙuwa ce, ta yi mako guda ko kwana 10 ta kama hanya. Amma akwai toshewar hanci da ke zama wata da watanni, har shekaru. Mai ita ba ta jin ƙanshin miyarta, ba ta barci ya ishe ta, da rana tana fama da nauyin kai, da dare a ce tana minshari. In ta yi ƙorafi sai a ce da ita, "Ai naman hanci ne, sai an yanke."

Daga nan mata sukan kasu biyu. Wasu da jin wuƙa sai su tsorata, su ƙi asibiti, su zauna da maganin ɗigawa. Wasu kuma sun gaji, so suke a je a cire naman nan duka a huta. Dukansu biyu ina roƙo su karanta maganan nan har ƙarshe.

MENE NE NAMAN HANCI?

In kika ɗauki madubi kika tsaya wajen haske, kika ɗaga kan hancinki da yatsa, za ki hango wata 'yar tsoka ja-ja mai santsi a jikin bangon hancin, ta gefen kunci. Mata da yawa ranar da suka fara ganinta sai hankalinsu ya tashi, su ce wani abu ya tsiro musu. Ki kwantar da hankalinki, da ita aka haife ki, kowane ɗan Adam yana da ita. Likitoci suna kiranta tabinet, mu kuwa mu ce naman hanci.

Guda uku ne a kowace kafa ta hanci, ɗaya bisa ɗaya kamar jeren kwanonin amarya: na ƙasa, na tsakiya, na sama. Na ƙasan shi ne babba, tsawonsa kimanin inci biyu, ya miƙe daga bakin hanci har can baya wajen maƙogwaro. Abin da kike hangowa a madubi kansa ne kawai. A cikinsa akwai siririn ƙashi, an lulluɓe shi da tsoka mai yawan jijiyoyin jini. In jini ya cika ta sai ta kumbura, in ya janye sai ta motse, kamar soso.

Allah bai sa shi a nan don ado ba. Babban mutum yakan ja numfashi sau 20,000 ko fiye cikin dare da rana, iskar da yake shaƙa ta kai wajen lita 10,000. Duk iskan nan ta kan naman hanci take bi, shi kuwa yana yi mata aiki uku. Yana ɗumama ta, har iskar asubar hunturu ta isa maƙogwaro kusan da ɗumin jiki. Yana jiƙa ta, don busasshiyar iska ɓarna take yi wa huhu. Sa'an nan yana tace ta, kamar yadda kike tace gasara da mataci. Majinar da muke ƙyama ita ce ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinta akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, suna share ta zuwa baya kamar tsintsiya, mu haɗiye ba mu sani ba.

Har wa yau ku san wani abin mamaki. Kafofin hancin nan biyu rabon girki suke yi. Naman wannan gefe ya kumbura ya huta, na wancan ya motse ya bar iska ta wuce, bayan 'yan awoyi su musanya. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, shi ya bayyana wannan a shekarar 1895. Saboda haka in kika ji yanzu dama ta toshe, an jima hagu, ko kuwa kin kwanta da gefe guda kafar da ke ƙasa ta cushe, wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne in naman ya kumbura ya ƙi motsewa.

ABIN DA KE KUMBURA SHI A ƘASARMU

Na farko ƙura. Ƙasar Lautai, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar rairayi ce, tana bakin iyakar Nijar. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo. Mai yawa daga cikin hazon nan daga ƙasar Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Masana sun ce ba wani wuri guda a duniya da ya kai kwarin nan tayar da ƙura. Wannan ba mu da iko a kansa.

Amma akwai ƙurar da ke tashi daga hannunmu. Kaka da hunturu tare suke zuwa. Lokacin da hazo ya rufe gari, lokacin ne muke sussuka da sheƙa, muna kaɗe riɗi, muna tsintar zoɓo, muna ɓare gyaɗa. Wadda ta je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tsakanin shanu da raƙuma da manyan motoci, ta san irin ƙurar da take komowa gida da ita a mayafi. To, daidai wannan ne ya shiga hancinta.

Na biyu hayaƙi. Ɗanyen itace, kara, kashin shanu, da ledar da wasu ke hura wuta da ita, duk hancin mai girki ne ke fara karɓarsu. Sai kuma abin da ba mu so a faɗa, turaren wuta. A rufe ƙofa da taga, a zuba shi a kasko, ɗaki ya turnuƙe, mace na ciki da jariri. Haka kuma maganin sauro na ƙonawa da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki.

Na uku, akwai waɗanda jikinsu ke ƙin wani abu da ba ya damun sauran mutane, likitoci su ce alaji. Ga wata ƙurar tsohuwar katifa ce, ga wata kyankyasai, ga wata gashin kyanwa ko furen ciyawa da damina. Alamarsa atishawa a jere tun da sassafe, ƙaiƙayin hanci, ruwa tsararo yana zuba, ido kuma yana taya shi, don abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa. Sau da yawa yakan bi jini, kuma yakan zo tare da asma.

Na huɗu, juna biyu. Kusan mace ɗaya cikin biyar hancinta yakan cushe lokacin goyon ciki ba tare da mura ba. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu bayan haihuwa. Ba a yi masa aiki, kuma kada mai ciki ta sayi magani da ka.

Na biyar, bangon da ya raba kafofin biyu yakan karkace, ko daga haihuwa ko daga faɗuwa. In ya jingina gefe guda, naman ɗaya gefen yakan ƙara girma ya cike filin da aka bar masa, sai a rasa hanya ta ko'ina.

Da fari kumburin nan na jini ne kawai, in an kawar da dalili sai ya sauka. Amma in aka shekara da shekaru ana tsokanarsa, tsokar takan yi kauri ta daina motsewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TARKON MAGANIN ƊIGAWA

Yanzu ga babban abin da ya sa na ɗauko maganan nan. Akwai wani magani a 'yar kwalba da ake saye a kyamis, a ɗiga ko a fesa a hanci, irin su Otrivin da 'yan'uwansa. Cikin 'yan mintoci hanci ya buɗe tar, mace ta ce ta sami sa'a. Aikinsa shi ne ya matse jijiyoyin jinin naman hanci. Ga murar kwana biyu ko uku ba shi da laifi. Amma takardar da ke cikin kwalinsa ta hana a wuce kwana 7 ana sa shi, likitoci da yawa ma cewa suke kwana 3 zuwa 5 sun isa.

In aka wuce haka, ga abin da ke faruwa. Da ƙarfin maganin ya sake, jini sai ya komo da yawa, naman ya kumbura fiye da da. Mace ta sake ɗigawa. Wadda ta fara da sau biyu a rana sai ta koma sau biyar, sau shida, kwalba ɗaya ƙarƙashin matashi, ɗaya cikin jaka, in za ta biki ta gwammace ta manta da ɗankunne da ta manta da ita. Murar da ta sa ta fara ta warke tun tuni, yanzu maganin ne ciwon. Mata da yawa masu neman a yi musu aiki, abin da ke damunsu ke nan.

Fita daga tarkon nan sai da haƙuri. Hanci zai cushe ƙwarai kamar mako guda ko biyu, kana ya fara sakewa. Wasu sukan daina sa wa kafa ɗaya tukuna, in ta warware su daina ɗayar. Likita yakan ba da wani maganin fesawa na dabam da zai rage wahalar. Mai hawan jini ta yi nesa da na ɗigawan nan sai da izinin likita. Kuma kada a ɗiga wa ƙaramin yaro na manya ko kusa.

Man zafi da ake shafawa a ƙofar hanci, shi kuma sanyinsa ne ke sa a ji kamar iska na wucewa, alhali bai rage kumburin ba. Kada a cusa wa jariri shi cikin hanci. Kada kuma a ɗura wa yaro mai kowane iri a hanci, don yana iya gangarawa huhu.

ABIN DA ZA A FARA YI A GIDA

Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. A wannan wuri kam ya sani. Ga dokoki shida, ki gwada su kafin ki yi zancen wuƙa:

1. Ki tafasa ruwa rabin lita, watau kimanin ledar fiya-wata guda. Ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ki bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki wanke hannunki, ki zuba kaɗan a tafi, ki toshe kafa ɗaya ki shaƙa da ɗayar a hankali, ki bar shi ya zubo. Safe da yamma, da kuma bayan kowane aikin ƙura. Kullum ki haɗa sabo. Kada ki yi da ruwan rijiya ko na kududdufi da ba a tafasa ba.

2. In za ki yi sheƙa, ki ba iska baya, ki rufe hanci da baki da takunkumi ko da tsabtataccen ƙyalle.

3. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Kayan ɗaki a goge su da jiƙaƙƙen tsumma, kada a kakkaɓe.

4. Girki a fili ko a madafa mai taga, da busasshen itace. Leda ba makamashi ba ce.

5. Turaren wuta ki turara ɗaki kina waje, ki buɗe taga kafin ki shiga. Maimakon maganin sauro na ƙonawa, a ɗaura gidan sauro.

6. Ki riƙa shanya katifa da matashi da bargo a rana, ki ɗan ɗaga kanki da matashi biyu wajen kwanciya.

ZUWA ASIBITI

In kin yi wata guda kina waɗannan ba sauƙi, sai asibiti. Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana uku: toshewar kafa ɗaya tak wadda ba ta musanyawa, musamman in da jini-jini, haɓo mai yawan dawowa, kumburin fuska ko na ido, ƙullutu a wuya, ko kunne ɗaya ya toshe tare da hancin. Waɗannan a kai wa likita da gaggawa.

Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, ko Babban Asibitin Gumel. In abin na ƙwararru ne za a ba ki takarda zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, wanda aka kafa a 1988. A Kaduna kuma akwai asibitin Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 1999 musamman don ciwon kunne da hanci da maƙogwaro. Ki tafi da duk kwalaben maganin da kike amfani da su, kada ki ɓoye wa likita ko ɗaya.

Likita zai leƙa hancin da fitila, wani lokaci ya zura siririn bututu mai haske don ya ga can baya. Yakan fesa magani ya jira ya ga ko naman zai motse. Wani lokaci ya sa a ɗauki hoton kai. Dalilin binciken nan kuwa, abubuwa dabam-dabam ne muke haɗawa mu kira su naman hanci. Akwai tabinet da muke magana a kai. Akwai wani tsiro fari-fari mai laushi, kamar inabin da aka ɓare, da ke saukowa daga saman hanci. Akwai naman bayan hanci na yara. Akwai kuma muguwar ƙari, ko da yake ba ta da yawa. Kowanne da maganinsa, kuma ido daga waje ba ya bambanta su.

In tabinet ne, likitan kirki ba ya fara da wuƙa. Yakan ba da maganin fesawa mai kashe kumburi, wanda ya bambanta da na ɗigawan can. Shi wannan ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi kwanaki, har makonni, kullum ba fashi. Nan mata da yawa ke faɗuwa, su fesa kwana uku su ce ba ya aiki, su jefar. A ba shi wata ɗaya zuwa uku yadda likita ya ce. Wajen fesawa ki ɗan sunkuyar da kai, ki karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada ki nufi bangon tsakiya don kada ya yi haɓo. Mai alaji akan ƙara mata ƙwaya. Mata da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

YADDA AKE AIKIN

In an yi duk wannan hanci ya ƙi buɗewa, to, aiki ya zama dole, kuma ba abin tsoro ba ne. Ta cikin kafar hanci ake yinsa, ba a tsaga fuska, ba tabo, siffar hancinki ba ta sakewa. Hanyoyinsa sun kasu kamar haka.

Akwai wadda ake kashe wurin da allura, mutum yana farke, a soka wata siririyar allura cikin tsokar, a saki zafi ta cikinta da na'ura. Wurin da zafin ya taɓa yakan ƙanƙance a hankali cikin makonni, naman ya ja baya. Wannan ba ta cika wuce rabin awa ba, mace ta koma gida ranar.

Akwai wadda ake sa barci, a ɗan tsaga kan naman, a rage tsokar da ke ciki ko wani yanki na ƙashin, a bar fatar sama yadda take. Kamar dai matashin da ya cika tauri, ki farke gefe ki rage auduga ki bar rigarsa. Barin fatar nan shi ne muhimmi, don ita ce mai majina da 'yan gasun shara.

Akwai wadda ake tura ƙashin ya matsa jikin bango, hanya ta ƙara faɗi. Akwai kuma wadda ake datse wani ɓangare na naman, in ya yi girma ainun. In bangon tsakiya ya karkace, sau da yawa akan miƙe shi a zama guda. Wace hanya za a bi, wannan ya danganta ga abin da likita ya gani da kayan aikin da ke asibitin.

Kafin aiki za a auna jininki. Ki faɗa wa likita in kina da sikila, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko in jininki ba ya saurin tsayawa, ko kina tsammanin ciki. In kina shan asfirin ki faɗa. In za a sa barci za a hana ki abinci na wasu awoyi, ki kiyaye, kada wata ta ce ki ɗan kurɓi koko don ƙarfin jiki. Ki tafi da wanda zai rako ki gida.

A RAGE, KADA A CIRE

Yanzu ku masu cewa a cire duka a huta. A shekarun baya likitoci a ƙasashe da yawa sun yi haka, suka riƙa cire naman ƙasan gaba ɗaya. Sai wasu daga cikin waɗanda aka yi wa suka komo da kuka. Hanci a buɗe kamar zaure, amma suna jin kamar an shaƙe su. Ciki ya bushe, ɓawo ya taru, ba barci, ba kwanciyar rai. A 1994 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Eugene Kern, ya raɗa wa abin suna, ya kira shi ciwon wofin hanci. Ashe fatar naman nan ita ce ke jin wucewar iska ta sanar da ƙwaƙwalwa an yi numfashi. In babu ita, iska na shiga amma mutum ba ya jin ta shiga. Ba kowa abin ke samu ba, amma wanda ya samu gyaransa da wuya, don abin da aka yanke ba ya komawa.

Shi ya sa yau ƙwararru ragewa suke yi. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Ba rashin kunya ba ne ki tambayi likita da ladabi, "Likita, ragewa za a yi ko cirewa? Wace hanya za a bi? Me zan gani bayan aikin?" Hancinki ne, ke za ki zauna da shi.

Kuma in likita mai fitila da na'ura yana taka-tsantsan haka, ina ga mai aska a zaure? Wanzamai suna da sana'arsu, muna ganin girmansu, amma cikin hanci ba wurin aska ba ne. Naman nan jini ne cike da shi, in ya ɓalle ba a tsai da shi da toka ko tsumma. Haka kuma kada a yarda da mai cewa zai ƙone shi da wani ruwa ko gari. Ƙarfen da ba a dafa ba yana iya kawo sarƙe-haƙora da ciwon hanta.

BAYAN AIKI

Kada ki zaci za ki fito ɗakin aiki kina shaƙar iska sakayau. Mako na farko hancin zai fi da cushewa, saboda kumburi da ɓawo. Wani lokaci akan cusa auduga ta kwana ɗaya ko biyu. Ruwa mai ɗan jini-jini zai riƙa zuba, wannan ba kome. Sauƙi yakan fara bayyana bayan mako biyu ko uku, ya cika wajen mako shida.

Cikin mako biyun farko ba daka, ba jan ruwa a rijiya, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba tsayuwa kan murhu. Kada ki fyace da ƙarfi, kada ki sa yatsa ki ɓanɓare ɓawo, ruwan gishiri ne zai jiƙa shi ya fito. In atishawa ta zo ki buɗe baki. Ki tambayi likita yaushe za ki koma shaƙa ruwa da fyacewa wajen alwala. In haɓo ya ɓalle, ki zauna ki sunkuyar da kai gaba, ki matse tattausan wurin hancin minti 10 zuwa 15 ba saki. In bai tsaya ba, ko zazzaɓi ya zo, ko wari, sai asibiti ko da tsakar dare ne.

Tun da aikin nan ba na gaggawa ba ne, ki yi shawara da likita da maigida a zaɓi lokacin da ba hazo, ba aikin kaka, kuma akwai wadda za ta karɓi girki. Ku kuma abokan zama da surukai, in kun ga 'yar'uwarku a zaune ba bandeji ba ɗinki, kada ku ce lalaci ne. Raunin yana ciki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ki sani kuma aiki yana buɗe hanya, amma ba ya kashe alaji, ba ya hana hazo busowa. Wadda ta koma cikin hayaƙi da ƙura ba kariya, ko ta koma wa 'yar kwalbar nan, naman yana iya sake kumbura bayan 'yan shekaru.

GA YARANMU

Iyaye, ku lura da yaron da kullum bakinsa a buɗe, yana minshari, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, yana gyangyaɗi a aji, ko an kira shi sai an maimaita. Kada a yi ta dukansa ana cewa sakarci ne. Sau da yawa naman bayan hanci ne ya yi girma, yana iya taɓa jinsa da karatunsa, kuma asibiti na maganinsa. Ƙaramin yaron da kafa ɗaya ta hancinsa ke zubar da majina mai wari, a mafi yawan lokaci wani abu ya cusa, ƙwayar wake ko dutsen ado ko guntun soso. Kada a tona da tsinke, a kai shi a cire. In kuwa ƙaramin batirin agogo ne ya cusa, a ruga da shi nan take, don yana cin nama cikin 'yan awoyi.

Ku kuma 'yan makaranta, musamman na kwana, ku daina aron maganin ɗigawa a hannun juna. Wadda hancinta ya dame ta ta gaya wa malama a kai ta ga nas. In kun zo hutu, ku duba ƙarƙashin matashin Inna da na Goggo. In kun ga 'yar kwalban nan, ku tambaya da ladabi tun yaushe suke sa ta, ku karanta musu wannan shafi, ku kuma haɗa musu ruwan gishirin da hannunku.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kaushi da faso da yadda za a tsare fatar yara cikin hunturu. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Taku har kullum,
'Yar'uwarku.